OFISHIN ANTONI-JANAR DA SHARI'AR MUHALLI: ABIN DA YA KAMATA 'YA'YAN GARINMU SU SANI

Wannan shi ne jawabin da Baƙo Mai Jawabi, ɗaya daga cikin 'ya'yan garin nan kuma tsohon lauyan gwamnati, ya gabatar a wajen Babban Taron Shekara-Shekara na Ƙungiya. Mun buga shi ɗungurungum domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sake tara mu a wannan fili cikin rai da lafiya. Waɗanda muka zauna da su bara, bana kuma babu su, Allah Ya jiƙansu, Ya kyauta namu ƙarshe.

GABATARWA

Lokacin da Sakataren Ƙungiya ya aiko mini da takardar gayyata, ya haɗa ta da kwafin takardun koke guda uku waɗanda Ƙungiya ta rubuta game da rafin da ke gabas da gari, inda motocin tifa suke kwasar yashi dare da rana har gaɓa ta fara zaftarewa tana cin gonakin fadama. Ya kuma shaida mini cewa wasu baƙi sun fara zagaya dutsen arewa da na'urorin neman zinariya, har ma an ce suna neman a sa musu hannu a wata takarda. A ƙarshen wasiƙar tasa ya rubuta tambayar da kowane ɗan garin nan yake yi mini duk inda muka haɗu, wato: "Barista, ina gwamnati take, kuma me ya hana ta kai mutanen nan kotu?"

Wannan tambaya ita ce jigon jawabina. Na shafe mafi yawan shekarun aikina a Ma'aikatar Shari'a, saboda haka zan yi ƙoƙarin bayyana muku yadda ofishin lauyoyin gwamnati yake tafiyar da al'amuran muhalli, tun daga tsara doka har zuwa tsayawa gaban alƙali, da inda ƙarfinsa yake, da inda hannunsa yake a ɗaure. Wanda bai san ƙofar gida ba, ko ya kwana yana ƙwanƙwasa bango ba mai buɗe masa.

MENE NE OFISHIN ANTONI-JANAR?

Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya kafa muƙamin Antoni-Janar na Tarayya a sashe na 150, da na kowace jiha a sashe na 195. Shi ne babban lauyan gwamnati, kuma shi ne Minista ko Kwamishinan Shari'a. A ƙarƙashinsa akwai sassa da dama, amma uku ne suka fi shafar zancenmu. Na farko shi ne sashen tsara dokoki, inda ake mayar da manufar gwamnati ta zama ƙudurin da za a kai majalisa. Na biyu shi ne sashen gabatar da ƙararrakin laifi, wanda yake gurfanar da masu karya doka. Na uku shi ne sashen ƙararrakin da ba na laifi ba, wanda yake shigar da ƙara a madadin gwamnati, yake kuma kare ta idan ita aka kai ƙara.

Sashe na 174 da na 211 sun ba Antoni-Janar iko iri uku a kan shari'ar laifi: ya shigar da ita, ya karɓe ta daga hannun wanda ya fara ta, ko ya janye ta kafin a yanke hukunci. Kundin ya ce ya yi amfani da wannan iko bisa la'akari da maslahar jama'a da adalci da kuma hana wasa da kotu. Ina so ku lura da abu guda a nan. Lauyan gwamnati ba ya zagaya rafuka da dazuzzuka yana neman masu laifi. Yana zaune ne a ofis sai fayil ya zo masa daga 'yan sanda ko ma'aikatar muhalli ko wata hukuma. Idan fayil bai zo ba, ko ya zo babu hujja a ciki, to, ko lauyan ya fi kowa kishi, babu abin da zai ɗauka ya kai gaban alƙali.

DARASIN KOKO

Kafin shekarar 1988 ƙasar nan ba ta da wata cikakkiyar dokar kare muhalli. Abin da ake da shi shi ne tarkacen dokokin tsafta da na gandun daji tun na zamanin Turawa, waɗanda duba-gari da malaman daji suke aiki da su, kuma dattawanmu da ke nan sun tuna yadda ake tsoron duba-gari idan ya leƙa randa. A shekarar 1988 ne asiri ya tonu cewa an shigo da dagwalon masana'antu mai guba fiye da tan 3,500 daga ƙasar Italiya, cikin dubban durom, aka jibge a wani fili a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel, wanda yanzu yake cikin Jihar Delta. An riƙa biyan mai filin dala 100 a kowane wata, shi kuwa bai san abin da aka ajiye masa a bayan gida ba. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya su ne suka ankarar da jaridun gida.

Gwamnatin soja ta lokacin ta janye jakadanta daga birnin Rum, ta tsare wani jirgin ruwan Italiya a Legas, har sai da aka kwashe dagwalon aka mayar da shi inda ya fito. Amma da aka waiwayi lauyoyin gwamnati aka ce a hukunta masu hannu, sai aka tarar babu dokar da ta yi daidai da girman laifin. Wannan kunya ce ta haifar da Dokar Soja ta 42 ta 1988, wadda ta tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai shigo da dagwalo mai guba ko mai jibge shi, da kuma Dokar Soja ta 58 ta wannan shekara, wadda ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, wato FEPA. A 1989 aka ƙaddamar da Manufar Muhalli ta Ƙasa. A 1992 aka kafa Dokar Soja ta 86, wadda ta wajabta a binciki illar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2006 aka kafa hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai, a 2007 aka kafa hukumar NESREA wadda ta gaji FEPA wajen tilasta bin dokokin muhalli, ko da yake an cire harkar mai da iskar gas daga huruminta. A 2021 kuma aka sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, sai da ɓarna ta auku sannan aka rubuta doka. Wani abin lura kuma, 'yan ƙasa da ke zaune nesa da gida su ne suka fara yin ƙararrawa. Ku da kuke zaune a birane, wannan darasi naku ne.

WA KE DA IKO DA ME?

Babbar matsalar da lauyan gwamnati yake fara cin karo da ita a shari'ar muhalli ita ce ta hurumi. Sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki ya damƙa dukkan ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma sashe na 251 ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin sauraron ƙararrakin da suka shafi ma'adinai. Ita kuwa ƙasar da ma'adinan suke ciki, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ta a hannun Gwamna a matsayin amana. Tsara birane aikin jiha ne, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2003 a ƙarar da Antoni-Janar na Legas ya kai na Tarayya. Kwashe shara da kula da magudanan ƙazanta kuma suna cikin ayyukan ƙaramar hukuma.

Ku duba rafinmu da wannan ma'auni. Yashin da ake kwasa don kasuwanci yana ƙarƙashin Dokar Ma'adinai ta 2007, wato lasisinsa daga Tarayya yake fitowa. Gonar da take zaftarewa tana ƙarƙashin dokar ƙasa, wato jiha da ƙaramar hukuma. Hanyar da tifofi suka farfasa, mai ita daban. Shi ya sa takardar koke takan yi ta yawo daga tebur zuwa tebur, kowa yana rubuta mata cewa a tura wa na gaba. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, haka ma idan masu iko suka yi yawa a kan abu guda, sai a rasa wanda zai ɗauki nauyi.

TAFIYAR FAYIL

Idan fayil ya iso Ma'aikatar Shari'a, ana miƙa shi ga lauya guda ya rubuta shawara. Tambayoyin da zai yi wa kansa huɗu ne. Wace doka aka karya, kuma wane sashe? Wa ya karya ta, mutum ne ko kamfani, kuma ana da cikakken sunansa na rajista? Wace kotu ce take da hurumi? Sannan wace hujja ake da ita wadda za ta tsaya idan lauyan ɗaya ɓangaren ya girgiza ta? A shari'ar laifi dole a tabbatar da tuhuma har ya zama babu sauran kokwanto mai ma'ana, a ƙarar neman diyya kuwa ya isa a nuna cewa hujjar mai ƙara ta rinjayi ta abokin shari'arsa.

Zan ba ku labarin wani fayil da ya taɓa zuwa hannuna ina matashin lauya, ba zan ambaci suna ba. Wata masana'anta ce take sakin ruwan dagwalo cikin rafin da manoman rani suke ban ruwa da shi. Kayan lambu sun ƙone, kifi ya mutu, kuma duk wanda ya je wurin hancinsa kaɗai ya ishe shi shaida. Amma ma'aikacin da ya ɗebo samfurin ruwan ya zuba shi a tsohuwar kwalbar lemo, bai rufe ta da hatimi ba, bai rubuta rana da wuri ba, kwalbar kuma ta yi makonni a cikin durowa kafin a kai ta ɗakin gwaji. Da muka je kotu, lauyan kamfani ya yi tambaya guda tak: wa zai rantse cewa ruwan da aka gwada shi ne wanda ya fito daga bututun masana'antarsu? Babu wanda ya iya. Kafin zama na gaba an yi wa ma'aikacin canjin wurin aiki zuwa nesa, manoman kuma suka gaji da biyan kuɗin mota ana ɗage shari'a. Aka sallami ƙarar. Alƙalin bai ci hanci ba, doka ya bi. Mu ne muka je masa hannu rabbana. Tun daga ranar na fahimci cewa shari'ar muhalli a bakin rafi ake cin ta ko a faɗi, tun kafin a shiga ɗakin kotu.

Ya kamata kuma ku sani cewa ba kowane fayil ne yake ƙarewa da hukunci ba. Sau da yawa hukuma takan fara da takardar gargaɗi, sannan ta rufe wurin, sannan a zauna a yi sulhu a rubuce wanda kotu za ta amince da shi ya zama hukuncinta. Ƙananan laifuffukan tsafta kuwa kotun tafi-da-gidanka ce take gamawa da su nan take. Sulhun da ya tilasta wa mai ɓarna ya gyara abin da ya ɓata, cikin wa'adi sananne, ya fi wa talaka amfani a kan tarar da za ta shige baitulmali rafi kuma ya ci gaba da wari.

IDAN GWAMNATI CE AKE ƘARA

A nan ne aikin yake da nauyi a zuciya. Ofishin da yake gurfanar da mai gurɓata muhalli, shi ne kuma yake tsayawa ya kare gwamnati idan ita ko hukumarta ake tuhuma. Lauyan gwamnati yana da makamai sanannu a irin wannan hali, kuma gara ku ji su daga bakina tun yanzu.

Na farko, sashe na 20 na Kundin Tsarin Mulki ya ɗora wa gwamnati kare muhalli da ruwa da iska da ƙasa da dazuzzuka da namun daji, amma yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6 ya ce ba a kai ƙara kai tsaye a kansa. Na biyu, dokar kare jami'an gwamnati ta ce a shigar da ƙara cikin wata uku da aukuwar abin, in ba cutar mai ci gaba ba ce. Na uku, dokokin da suka kafa hukumomi da yawa sun wajabta a ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su ƙara. Na huɗu, a ce mai ƙara ba shi da hurumin kawo ta domin ba shi abin ya shafa kai tsaye ba. Na biyar, ko an ci shari'a, doka ta tanadi neman amincewar Antoni-Janar kafin a taɓa kuɗin gwamnati da ke hannun jami'inta.

Duk da haka kotuna sun yi ta buɗe ƙofofi. A 1991 Kotun Ƙoli ta yanke cewa mutane suna iya kai ƙara kan cutar da ta shafi jama'a baki ɗaya ba sai sun nemi izinin Antoni-Janar ba. A 2001 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta samu Nijeriya da laifin keta haƙƙin al'ummar Ogoni, bisa Yarjejeniyar Afirka wadda sashenta na 24 ya tanadi haƙƙin zama a kyakkyawan muhalli, yarjejeniyar da ta zama dokar ƙasar nan tun 1983. A watan Nuwamba na 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin, a ƙarar da Jonah Gbemre ya shigar a madadin al'ummar Iwherekan ta Jihar Delta a kan kamfanin Shell da NNPC da Antoni-Janar na Tarayya, ta yanke cewa ƙona iskar gas a yankinsu ya saɓa wa haƙƙin rayuwa da mutuncin ɗan Adam, ta kuma umarci Antoni-Janar ya ɗauki matakin gyara dokar da ta ba da damar yin hakan. A 2012 Kotun ECOWAS ta ɗora wa Gwamnatin Tarayya alhakin gazawa wajen hana gurɓata yankin Neja Delta. A 2018 kuma Kotun Ƙoli, a wata ƙara da ta taso daga malalar mai a Jihar Abiya, ta tabbatar da cewa ƙungiya mai zaman kanta tana da hurumin kai ƙara domin kare muhallin jama'a.

Wannan hukunci na 2018 ya shafe mu kai tsaye, domin ya nuna cewa ƙungiya mai rajista ba 'yar kallo ba ce. Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Bayan hukuncin 2005 an ci gaba da ƙona iskar gas shekara da shekaru. Samun hukunci daban, aiwatar da shi daban, kuma aiwatarwa tana bukatar mutanen da ba za su gaji da bibiya ba.

ABIN DA YA FARU A ZAMFARA

Ina roƙon Mai Girma Hakimi da iyayenmu su saurari wannan ɓangare da kyau, domin shi ya fi kusa da zancen baƙin da ke zagaya dutsen arewa. A farkon shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi, mutane suka koma haƙa, duwatsun da suke haƙowa kuwa cike suke da dalma. Suka riƙa kawo su cikin gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ƙura tana sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu.

Maganin ya kasance kashi biyu: a kankare ƙasar saman tsakar gida a zuba sabuwa, sannan a ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini. Ba a iya fara na biyu sai an gama na farko, domin yaron da aka yi wa magani ya koma gurɓataccen gida zai sake kamuwa. Garin Bagega ya jira har shekarar 2013 kafin a saki kuɗin share shi. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

To, a irin wannan hali wa lauyan gwamnati zai gurfanar? Uban da ya binne 'ya'yansa da hannunsa? Babu hukuncin da zai dawo da yaro, babu diyyar da za ta gyara ƙwaƙwalwar da dalma ta taɓa. Aikin doka na gaskiya a nan yana gaban ɓarna ne: lasisi, sharuɗɗa, sa ido, da hana sarrafa dutse a cikin gari. Rigakafi ya fi magani.

YADDA WASU SUKE YI

Domin kwatance, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta keɓe sashe guda tun 1909, wanda ya fara da shari'o'in filayen gwamnati, daga baya ya zama sashen muhalli da albarkatun ƙasa. Hukumar kare muhalli takan yi bincike ta miƙa masa, shi kuma ya tsaya a kotu. Lokacin da rijiyar man kamfanin BP ta fashe a Tekun Meksiko a watan Afrilu na 2010, mutum 11 suka mutu, wannan sashe ne ya jagoranci ƙarar gwamnati, wadda ta ƙare da sulhun dala biliyan 20.8 da kotu ta amince da shi a 2016, kuma aka ware kaso mai yawa domin farfaɗo da gaɓar teku. Ban kawo wannan misali don in ce can aljanna ce ba, domin su ma siyasa tana juya akalar ofishin idan gwamnati ta sauya. Abin koyi shi ne ƙwarewa: lauyoyin da suka daɗe a fanni guda, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da masana kimiyya tun daga ranar farko. Ya dace ma'aikatun shari'a na jihohinmu su keɓe irin wannan sashe, ko da na lauyoyi uku ne.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ina ba Ƙungiya shawarwari guda shida.

Na ɗaya, a tabbatar rajistar Ƙungiya da Hukumar Rajistar Kamfanoni tana nan daram, amintattunta kuma suna raye kuma sanannu, domin da wannan suna ne za mu iya tsayawa a kotu.

Na biyu, a kafa kwamitin muhalli da zai haɗa lauya da likita da injiniya da malamin gona da wakilin Mai Girma Hakimi da wakiliyar mata. Duk muna da su a cikinmu. Kwamitin ya buɗe littafi: hotunan gaɓar rafi masu ɗauke da kwanan wata, lambobin motoci, awon gonakin da suka zaftare, da sunayen masu su. Idan za a ɗebi samfurin ruwa ko ƙasa, a yi shi ta hannun ma'aikacin da doka ta sani, a gaban shaidu, a rufe da hatimi.

Na uku, kada kowa ya sa hannu a takardar amincewa da haƙar ma'adinai sai lauya ya karanta ta a gaban jama'a. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta bukaci amincewar mai ƙasa ko mazauninta, ta kuma wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, wadda ake sake dubawa duk shekara 5. Wanda ya zo da gaskiya ba zai ji tsoron a karanta takardarsa da rana ba.

Na huɗu, a yi amfani da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukumar tarayya kwana 7 ta amsa, a tambayi ofishin ba da lasisin ma'adinai ko akwai lasisi a kan rafinmu da dutsenmu, kuma sunan wa yake ɗauke da shi. Idan kuma babban aiki ne, a nemi rahoton binciken illarsa ga muhalli, wanda ake baje shi kwanakin aiki 21 domin jama'a su faɗi ra'ayinsu. Ku mazauna Abuja da babban birnin jiha, wannan aikinku ne, domin ofisoshin suna kusa da ku.

Na biyar, takardar koke ta gaba ta tafi ga ofishin da yake da hurumi, a ba Antoni-Janar kwafi, a karɓi hatimin shaidar karɓa, a kuma lura da wa'adin wata uku. Takarda mai shafi biyu da hujja ta fi mai shafi goma da zagi.

Na shida, mu dubi kanmu. Direbobin tifa da masu lodi 'ya'yanmu ne, kuma da yawa daga gidajen da muke ginawa a birni da nan gida da yashin rafin nan aka yi su. Idan za a hana kwasa a wuri mai haɗari, sai a nuna wurin da ya dace, a kuma yi tunanin abin da matasan nan za su ci. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa ana gusar da cuta, amma ba a gusar da ita da wata cutar irinta.

KAMMALAWA

Ranka ya daɗe, 'yan uwa, amsar tambayar Sakatare ita ce: gwamnati tana nan, dokoki suna nan, lauyoyinta ma suna nan, amma ofishin Antoni-Janar kamar injin niƙa yake, abin da aka zuba masa shi yake fitarwa. Idan muka kai masa hujja ingantacciya, muka bi ƙofar da ta dace, muka kuma ƙi gajiya, zai yi wuya a yi watsi da mu. Idan kuma aka yi, kotu a buɗe take gare mu da sunan Ƙungiyarmu. A nawa ɓangare, na yi alkawarin duba takardun kwamitin da za a kafa ba tare da karɓar ko kwabo ba, kuma ina kira ga sauran lauyoyin garin nan su zo mu haɗa hannu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A rafin nan muka koyi iyo, a fadamarsa iyayenmu suka noma abin da aka biya mana kuɗin makaranta da shi. Ranar da muka gama aiki a birni, nan za mu dawo, nan kuma za a binne mu. Ina roƙon Shugaban Ƙungiya ya sa a kafa kwamitin nan kafin a tashi daga wannan taro, ya kuma kawo rahotonsa na farko a taron baɗi, in Allah Ya kai mu.

Allah Ya ja zamanin Mai Girma Hakimi, Ya albarkaci garinmu da zuriyarmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.